Kukan da Na Hana Inna

Wata Juma'a ce ta ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, hadari yana ta haɗuwa ta gabas yana watsewa ba tare da ya sauke ko ɗigo ba. An sauko daga masallaci, an ci abinci, sai Kawu Sale, ƙanin mahaifina, ya ja igiyar ɗan janaretansa a bayan rumbu, ya shigo yana goge hannu a jikin riga. Kafin ya gama jona wayoyi rumfar tsakar gidanmu ta cika. An rataya tsohon bargo ta yamma don kada rana ta kashe hoton, matan gida da na maƙwabta sun baje tabarmi, kowace da ƙwaryarta, domin lokacin ɓarar gyaɗar iri ne, kuma dokar Kawu ke nan: mai son kallo sai ya ɓare gyaɗa. Mu yara muna gaba, hannu yana aiki, ido yana kan talabijin. Kakata Inna, mahaifiyar babana, tana can gefe jingine da garu, kamar ba kallon ne ya fito da ita ba. A ranar aka fara sa mana kaset ɗin da har yau ban rabu da shi a raina ba.

Ƙauyenmu yana yankin Beli, kuma a lokacin talabijin ɗin Kawu ne kaɗai a unguwarmu. Ranar kasuwar Rogo yakan hau mashin ya karɓo hayar kaset biyu ko uku, a ƙulle a leda saboda ƙura. Kallon kuwa ba ya zuwa a banza. Kafin a yarda in zauna sai na cika randuna uku daga rijiya, na zuba wa awaki harawa, na wanke ƙoren nonon Inna na kife su a kan danga. Inna Bafillatana ce, daga ruga aka auro ta, tana da 'yan shanunta a bayan gida. Hausa take yi da mu, sai in ranta ya ɓaci ta juya harshe, mu kuwa mu san lokacin gudu ya yi. Sunanta aka sa mini, shi ya sa babana bai taɓa kiran sunana ba, Ummi yake ce mini, har kowa ya bi.

Watanni bakwai kafin wannan Juma'ar babana ya rasu. Maciji ne ya sare shi a gona lokacin cirar gyaɗa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidansu a Falgore, ni kuma aka bar ni a ɗakin Inna. A nan nake kwana, ita take ba ni abinci, amma akwai abin da na riƙe ta da shi a zuciya. Da idona na gan ta ranar rasuwar. Mata suna ta kuka, Gwaggo Hari, ƙanwar babana, har suma ta yi, amma Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, tana amsa gaisuwa kamar wadda ake yi wa sannu da aiki. Washegari da sassafe ta ɗauki ƙwarya ta tafi tatsa. Ranar sadakar uku ita ta tsaya kan dakan gumba, har tana faɗan gero bai jiƙa ba. Babana shi ne ɗanta na fari, kuma na san ana kunyar ɗan fari, kowa ya sani. "Wancan" take ce masa tun yana da rai. Amma ni a hankalina na yara, na ɗauka kunya tana ƙarewa in mutum ya mutu. Da na ga ba ta ƙare ba, sai na yanke cewa ba ta son sa ne kawai.

Fim ɗin kansa ba wani dogon labari ba ne. Wata tsohuwa ce mai ɗa guda, ya tafi fatauci kudu, ya yi mata alkawarin zai dawo kafin shuka ya gyara mata rufin ɗaki. Kullum tana fita bakin hanya tana duban motoci. Ranar da motar ta tsaya a ƙofar gidanta, gawarsa aka sauko da ita. Tsohuwar ta zube a ƙasa, ta rungume ƙafafunsa tana kiran sunansa da ƙarfi, tana cewa ya tashi, ruwa ya kusa sauka, wa zai gyara mata ɗakin? Ana cikin wannan na waiwaya neman ƙwaryar zuba ɓawo, sai na ga Inna. Hawaye ne yake bin fuskarta har yana ɗiga a kan gyaɗar da ke cinyarta, ba ta ko share shi ba, kafaɗunta suna rawa. Manyan matan da ke wurin ba wadda ta juya ta dube ta.

Juma'ar da ta biyo baya Kawu ya kawo sababbi, har da na dariya, amma Inna ta ce daga inda take zaune, "A sako mana na yaron nan mai fatauci." Aka sako. Ta sake yin kukanta a daidai wurin. Daga baya Kawu ya daina mayar da kaset ɗin Rogo, ya saye shi gaba ɗaya. Mu yara har mun haddace shi. A makaranta in an fita tara, maimakon 'yar gala-gala ko carafke sai mu taru a gindin darbejiya mu yi wasansa, wata ta kwanta a lulluɓe ta da hijabi, wata ta faɗi tana birgima. Ni ce nake fitowa a Inna, in jingina da bishiya ina jan hanci, ƙawayena suna dariya har da riƙe ciki. Ina ba su dariya, amma ni abin ba dariya yake ba ni ba, haushi ne yake cin raina.

A Juma'a ta huɗu na kasa daurewa. Ana sauko da gawar, Inna ta fara, sai na miƙe tsaye a gaban kowa, ɓawon gyaɗa yana zuba daga zanina. Na ce, "Inna, wai ke wace iri ce? Wannan fa ƙarya ce, mutumin nan yana Kano da ransa yana cin shinkafa. Kina ta yi masa kuka, amma ranar da babana ya mutu ko ɗigon hawaye ba ki yi ba!" Na zaci za ta juya harshe ta wanke ni tas. Ba ta yi ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta juye gyaɗar da ta ɓare a buhu, ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Bari in duba maruƙa." Ta fita ta ƙofar baya.

Washegari a hanyar rijiya Gwaggo Hari ta tsayar da ni. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Ta ce, "Ummi, kin san abin da kika yi kuwa? Babanki ana yaye shi aka ɗauke shi aka ba kakarsa. Inna ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba. A rugarsu, wadda ta yi wa ɗan fari kuka a bainar jama'a ta jawo wa danginta gori ke nan har jikoki. Ke kin ɗauka ɗan wasan nan take yi wa kuka? Duk matan da ke rumfar sun san wanda take yi wa, shi ya sa ba mai kallon inda take. Sale ma don haka ya sayi kaset ɗin." Ta ɗauki guganta ta wuce, ta bar ni tsaye da tulu.

Inna ba ta sake zama a rumfar ba. Tunda na faɗi abin a fili, ba sauran yadda za ta yi kuka a ce na fim ne. Na roƙi Kawu ya sake sa kaset ɗin, na je har ɗaki na kira ta, ta ce hasken nan yana damun idonta. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ta ce, "Me kika yi? Tashi ki ɗauko tsinke in tsefe miki kan nan." Tana cikin kitson ta danna kaina gaba, ta daɗe ba ta kama gashin ba, sannan ta ce a hankali, "Ƙeyar nan taki irin ta wancan ce." Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini a kansa ke nan. Ina aji uku na sakandare ta rasu, kuma daga waccan Juma'a har ta koma ga Allah ban ƙara ganin hawayenta ba.

Yanzu ina koyarwa a Ƙaraye. Wani lokaci a ɗakin malamai hira takan kai ga finafinan da suka fi sa mutum kuka, kowa ya kawo nasa, na Hausa ko na Indiya, a yi ta gardama. Na kalli da yawa a cikinsu, na yi kukan, kwana biyu na manta. Wancan kuwa in gaskiya za a bi bai kai su kyau ba, muryoyin suna shaƙewa, gawar ma in ka lura tana numfashi. Amma shi ne ya zauna, domin duk lokacin da na tuna tsohuwar tana kiran sunan ɗanta, Inna nake gani a gefe tana aron bakinta. Yau ba mai haɗa rumfa don kallo, kowa da wayarsa da abin toshe kunne. Nakan shiga ɗaki in tarar da 'yata ta ƙura wa waya ido tana share hawaye, sai in ɗauki abin da na zo ɗauka in fita, ba na tambayar ta ko wa take yi wa. Da ma haka na yi wa Inna, na bar ta ta gama kukanta.