Rumfar da Ka Yi Ba Tamu Ba Ce, Mahfuz

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, Allah ya karɓi ran aminina Malam Mahfuz, mai sayar da zuma a Maisandari, bayan gajeriyar jinya. Ina Kano labarin ya same ni, ban iso Maiduguri ba sai ranar addu'ar uku.

Mahfuz, a tsaunin Mambila aka haife ka, kuma duk daɗewarka a garin nan zuciyarka ba ta taɓa saukowa ba. Ka ishe mu da labarin kurmin bayan ƙauyenku, inda gajimare ke sauka har ya jiƙa wa mutum riga, inda birai masu farar jela ke wuni a sama ba su taka ƙasa ba. Muna yi maka tsiya, muna cewa mutumin da ke yawo da rigar sanyi a jaka cikin zafin Borno ai sai addu'a. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ɗebo mana zuma. Babu gidan haihuwa ko na jinya a layinmu da kwalbarka ba ta shiga ba.

Shekarar da ka je gida ka tarar masu zarto sun gama da kurmin, birai sun watse, rafin da ke ratsa kurmin ya koma tsagi, ka dawo ba ka iya cin abinci. Abin da ka tsira da shi 'ya'yan wata bishiya ne da ba mu da sunanta da Hausa, waɗanda ka tsince a gindin kututture. Ka kafa musu rumfar zana a tsakar gida, ka kewaye da jiƙaƙƙun buhuna, ka shuka su a leda. Yawanci suka mutu, ka lallaɓi sauran kamar jarirai. Nnanna mai shago yakan ba ka ruwan ƙanƙara, ka ƙi sha, ka kai musu. Ka ce mini da faɗuwar daminar bana za ka mayar da su gida.

To ga abin da na tarar, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Masu zaman makokinka sun ga rana ta yi zafi, suka kwashe dashenka suka jibge a jikin katanga, suka shimfiɗa tabarmi a rumfar. Kwana uku suna cikin zafin ranar Afrilu. Ganyen yana marmashewa a hannuna. Na tambayi Babakura, wanda ya sa aka yi aikin, sai ya ce, "Haba Malam, ciyayi ne fa. Manyan mutane za su zauna a rana?"

Manyan mutane. Sun san ka, sun sha zumarka, sun gan ka kana jan ruwa da ciwon ƙirji. Titi yana nan, rumfar haya tana nan. Suna ɗaga hannu suna nema maka rahama, abin da ka bari yana ƙonewa a bayansu, ba wanda ya tashi ya zuba ko buta ɗaya. Ban yafe wannan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Da na shiga yi wa matarka Saude gaisuwa, ta ɗaga labule ta nuna mini bayan randa. Dashe guda ɗaya ta ɗauke tun ranar jana'iza, yana nan kore shar. Ta ce, "Ina takaba, ba zan iya tafiya ba. Malam, kai za ka kai shi Mambila."

Zan kai shi, in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙanka, Mahfuz, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka a inuwar da ba mai tashinka daga cikinta. Saude da yara da dangi na Mambila, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku roƙa mini, don nawa ya ƙare a jikin katangar nan.