Ɗan kabu-kabun da ba ya ɗaukar mutum

Ku gyara zama in ba ku labarin Idrisa, wanda 'yan tashar moto ta bakin kasuwar Tawa suke kira Idi Mai Kaya. Shekara goma sha huɗu yana kabu-kabu, wato haya da babur, bai taɓa ɗora ɗan Adam a bayansa ba. Buhun albasa zai ɗauka, da tunkiya a ɗaure, har katifa ya taɓa kaiwa Barmu tana rangaji kamar za ta tashi sama da shi. Amma ka ce ya kai ka nan kusa, sai ya nuna maka wani da haɓa.

Mutanen unguwa ba sa barin abu ya kwana babu fassara. Suka ce tsoron Allah ne, ba ya son matar wani ta taɓa shi. Da aka lura maza ma ba ya ɗauka, sai aka ce to adalci ne. A masallaci kullum yana sahun ƙarshe, bango a bayansa, har liman ya taɓa buga misali da shi a kan tawali'u. Wanzami bai san ƙeyarsa ba. Da kansa yake aski, shi ya sa kan nasa kullum kamar gonar da aka nome cikin sauri.

Mutum ɗaya ce wannan waliyyantaka ba ta burge ba, matarsa Haula. Ranar wani suna a gidansu can ƙauyen Bambai, Idrisa ya ɗora ragon suna a baya ya yi gaba, ita kuma ta biyo shi bisa moton maƙwabcinsu Nasrullahi. Matan gidan suka tarbe ta da guɗa, wata ta tambaye ta ko da ragon aka ɗaura auren.

Da suka koma gida ta ce, "Baban Hanifa, shekara tara ke nan da aurenmu. Rago ya hau, ni ban hau ba. In ƙyamata kake yi, ka hwaɗa mini. Bikin ƙanwata Asabe na nan bayan Sallah. In na sake tahiya bisa moton wani, can gidanmu za ni zamna."

Idrisa ya fita ya goge moton da ya riga ya goge.

Bayan kwana uku wani abokin aikinsa ya yi masa wasa. Yana tayar da moto, sai abokin ya ɗare baya ya rungume masa ƙugu. Idrisa bai san lokacin da ya murɗa hannu ba, suka faɗa cikin tarin kankana. Kafaɗarsa ta goce. A asibiti manjon da ke ɗaurin, wato babban ma'aikacin jinya, ya yi ta zagayawa zai tsaya a bayansa, Idrisa yana juyawa yana binsa, gumi na zuba. Manjon ya daɗe a aiki. Ya ɗaure kafaɗar ta gaba, ya ce ya leƙa ofishin ƙarshe wurin Madam Jannatu, likitar damuwa da aka turo daga Damagaram.

"Madam, ni fa ba mahaukaci ba ne," in ji Idrisa tun daga ƙofa.

Ta ce, "Madalla, ka rage mini aiki." Ta tashi ta jawo kujerarsa ta jingina da bango, ta bar ƙofa inda zai riƙa ganinta. Ba allura, ba ƙwaya. Ya fito yana mita cewa gwamnati na biyan mace albashin hira. Laraba ta zagayo, ya koma.

Sai a zama na biyar maganar ta fito. Yana ɗan shekara tara a ƙauyensu, akwai wani aminin babansa da ke ɗora shi bisa jaki a gaba, shi ya zauna a baya, su tafi gona mai nisa. A can yake yi masa lalata, damina biyu cur. Ya taɓa soma gaya wa innarsa, ta rufe masa baki da tafin hannu mai warin daddawa, ta ce kar ta ƙara ji. Mutumin ya rasu tuntuni, jana'izarsa ta cika maƙil, ana ta yabon yadda yake son yara.

Madam Jannatu ta bar shi ya gama kukansa. Sannan ta ce, "Malam Idrisa, yaro ne kai a lokacin. Laifin nasa ne, ko ƙwayar gero babu taka a ciki. Kanka ya san abin ya wuce. Bayanka ne har yau ba wanda ya kai masa labari."

Kai labarin ya ɗauki watanni. Ta koya masa jan numfashi a hankali, da lissafa abin da idonsa ke gani in zuciya ta fara dukan uku-uku. Da yardarsa take tsayawa taku huɗu a bayansa tana magana, wani mako taku uku. Sau biyu ya daina zuwa, sau biyu ya dawo yana cewa hanya ce ta biyo da shi. 'Yan tasha kuwa sun tabbatar wa juna tansiyo, wato hawan jini, ke damunsa, saboda yawan ibada.

Wata la'asar Haula na tankaɗe, ya zauna kan turmi ya gaya mata, idonsa a ƙasa. Ta ajiye rariya. Garin da ke hannunta ya jiƙe da hawaye.

"Ni kuma ina nan ina jin haushin rago," ta ce.

Daga ranar aka fara gwajin ɗaukarta a tsakar gida, moto a kashe. Da farko da buhun dusa a tsakaninsu, daga baya aka cire buhun. Madam ta ba da shawara Haula ta riƙa magana don ya san wace ce a bayan. Ba a taɓa ba Haula aikin da ta iya kamar wannan ba.

Ranar bikin Asabe suka kama hanyar Bambai da hantsi. Tana riƙe da ƙarfen baya, ba ta taɓa shi ba, bakinta kuwa bai huta ba: tsadar tattasai, rowar matar Nasrullahi, da askin Idrisa da ya kamata a kai ƙara. Tafiyar hawainiya yake yi, har wani mai amalanke ya wuce su yana tambayar ko mai ne ya ƙare. Sau ɗaya ya tsaya gindin aduwa ya yi numfashinsa, ta jira, suka ci gaba.

Yanzu a unguwa ana cewa Haula ta shanye shi. Liman ma ya lura Idrisa ya matso sahu na biyun ƙarshe, ya ce Allah ya raba mu da girman kai. Har yau fasinjansa ɗaya ne a duniya. Da yamma ta yi a Bambai ranar bikin, innar Haula ta tambaye ta ko a share mata ɗaki. Ta ɗaura ɗankwali ta ce a'a, mai motonta na jira a waje.