Jinjirar Da Na Ɗauko Daga Bukkokin Agana

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba, kuma ba don ina so na je ba. An ce agana ta ɓarke a wani ƙauyen masunta gaba da Argungu, ana neman leburan da zai ɗaukar wa malamin lamba, mai yi wa mutane rigakafi, akwatin magani. Aka duba leburorin asibiti kaf, aka tsaya a kaina, don fuskata duk zanzana ce. Agana ta ci ni ina yaro, kuma ba ta cin mutum sau biyu. Fuskar da yara ke kira rariya, ranar ita ta samo mini aiki.

Muna sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi a motar En'e, wato hukumar gargajiya. Hanya duk gargada. Na rungume akwatin cikin jiƙaƙƙen buhu kada zafi ya kashe maganin, ni ina gasuwa, magani yana shan sanyi. A Argungu tutocin murnar mulkin kai suna nan suna lilo a bakin kasuwa, amma kasuwar wayam. Mai tuyar kifi ta ajiye mana namu a kan dutse ta ja da baya, ta ce mu jefa kuɗin cikin kwanon ruwa.

Mai jirgi ya ƙetarar da mu gulbi, ya ƙi taka tudu.

Wallahi ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Duk wanda ya fito tarbarmu, fuskarsa irin tawa. Mai ɗebo ruwa, mai niƙa, mai kiran salla. Masu lafiyayyar fuska sun kulle kansu a gida. Marasa lafiya kuwa an kai su bukkoki bayan gonakin shinkafa, kwance kan yashi, ƙuda ya rufe su. Tsohuwa ɗaya ke jinyarsu duka. Mai gina kabari makaho ne, agana ta cinye masa ido tun da daɗewa, da kara yake auna tsawon gawa.

A bukkar ƙarshe muka iske wata mata ta rasu tun safe, jinjirarta tana kan ƙirjinta tana tsotso. Na ɗauke ta daga kan gawar. Jikin yarinyar sumul, ba ƙurji ko ɗaya. Malamin ya yi mata lamba, ya ce in ta kwana nan, ko agana ta ƙyale ta yunwa ba za ta ƙyale ta ba. Uban ya riga ya mutu. Muka je wajen kawunta, ya amsa ta bayan darni: "Ta sha nonon agana, ku bar ta can."

Tsohuwar ta ɗora mini ita a hannu. Na ce, "Inna, ni lebura ne." Ta ce, "Ɗana, ni ma hannuna biyu na," ta koma aikinta.

A hanyar dawowa ruwan sukari muka riƙa ɗiga mata da tsumma. Da magariba na yi sallama gida, uwar ɗiyana ta leƙo. "Malam, mi kak kawo muna?" Na ce mutum. Ta ce, "To, namu ɗiyan hwa?" Ta turo mini tuwo zaure ta ja ƙyaure. Ban ga laifinta ba. Na ƙone tufafina, muka kwana nan ni da yarinyar.

Abin da na gano shi ne, ranar da cuta ta shiga gari, waɗanda ba a ko gaishe su ke riƙe shi, kuma ba mai tambayar ko sun ci abinci.

Da gari ya waye na je na kwanto akuyar maƙwabcina mai shayarwa, na ce ma yi ciniki daga baya. Na durƙusa a zaure da furfurata ina koyon tatsa, akuya tana harbi, yarinya tana tsala ihu. Sai na ji muryar uwar ɗiyana ta bayan ƙyaure: "Ba haka aka kamawa ba, Malam. Sassauta hannu." Na sassauta, nono ya zubo.