Inuwar da Akuya Ta Cinye

Bazarar da aka cire ɗana daga nono bai isa yaye ba. Ubansa ya zo gida da kaka, aka ɗaure hatsi, ya koma Abijan wurin nemansa, sai ga ni da ciki alhali yaro ko tafiya bai ƙware ba. A garinmu, can ƙasar Tama, mace ba ta shayarwa da ciki. Ranar da uwar mijina ta gane ba ta yi mini faɗa ba. Ta zo bakin ɗakina ta miƙo hannu, na kwance goyo na ba ta, ta juya da shi sashenta. Yayen ke nan.

Ɗan fari ne, ga ni kuma a gidan surukai. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi kusa da ni sai in kau da kai in ci gaba da abin da nake yi. Haka na taso na ga ana yi. Amma baki ne ke jin kunya, ido ba ruwansa. Na janye turmina daga inda yake, na kafa shi daidai wata kafa da ke jikin danga, wadda in na tsaya daka nake hangen rumfar Inna.

Inna nake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai “ɗiyag ga”. Rumfarta dirkoki ne na icce da aka jibga wa karan hatsi da na dawa, mai kauri har ruwan farko ba ya ratsa ta. In rana ta take, ɗakunan ƙasa suka zama kamar tanda, duk unguwar babu wuri mai sanyinta. A nan take saƙa faifai, a nan tsofaffin mata ke taruwa su yi ta hira har la’asar. A jikin dirka ɗaya kuma take ɗaure jar akuyarta.

Yaron ya ƙi kunu, ya ƙi fura. Duk abin da aka sa masa a baki sai ya tofar, in ban da nonon akuyar nan. Da safe Inna ta tatsa a ɗan ƙoƙo, ta tafasa, ta dama da garin hatsi kaɗan ta yadda ba zai gane wayon ba, ta zaunar da shi a cinya.

“Sha, ragon miji,” take ce masa. “Ni ban taɓa ganin mijin da matarshi ka ci da shi ba sai kai. Ko lalle ba ka taɓa sawo min ba.”

Duk da haka wuyansa ya yi siriri. Muka kai shi likita, Inna na goye da shi, ni ina biye kamar rakiya na zo. Malamar asibitin ta naɗa masa wani ɗan maɗauri mai launi uku a damtse, ya tsaya kan rawaya, dab da ja. Ta ce kada nonon nan ya yanke, in kuma hannun ya shiga ja a dawo da shi a kwantar. Har muka iso gida jan nan na gaban idona.

Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Harawa ta ƙare tun zafi bai kankama ba, tarin karan da ke bayan gida ya bi ta. Inna ta shiga nema. Da sassafe ta tafi gindin gawo ta tsinto ’ya’yan da iska ta kaɗo kafin bisashen gari su riga ta. Ta gangara kwari, inda aka cire albasa, ta yagi ɗan haki, ɗanyar ciyawar da ta saura a bakin rijiyoyin lambu. Ta bi gida-gida da tsohon bido, jarkar roba, tana karɓar ƙasari, ruwan da aka wanke surfe da shi. Mace ce ƙarama, ƙafafunta duk faso, amma ban taɓa ganin ta dawo hannu sake ba. Sai dai kowace rana ƙunshin na raguwa. Daga kafar danga nake ganin inda nono ke tsayawa a jikin ƙoƙo, yana ta yin ƙasa.

Baba, uban mijina, a lokacin yana kan fako yana haƙar tassa, ’yan ramukan da ake zuba wa taki don su riƙe ruwa. Wata rana ya dawo da hantsi, ya jingine kalme, ya tsaya yana kallon haƙarƙarin akuyar.

“Ke tsohuwa, bisag ga ba ta ganin damana. Gobe kasuwa ta. A kai ta tun tana tahiya da ƙahwahunta.”

Taɓarya ta tsaya a hannuna.

“In an saishe ta, kai za ka ba mijin nau nono?” in ji Inna.

“A sawo hatsi a dama mai kunu.”

“Kunun da yat tohwa maka ga gemu shekaranjiya?”

“To mi za ta ci? Duwatsu? Su kam muna da su.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa gabana ya faɗi. Inna ta ɗaga kai ta dubi rumfar da ke samanta, ta daɗe tana dubawa. Sai ta miƙe, ta taka turmi, ta zaro kara runguma guda daga gefen yamma.

“La ilaha illallahu! Rumhwar za ki ba ta?”

“Tau ta. Ko kai kas saƙa min ita?”

Karan ya sha rana ya yi fari fat, ko jaki ba zai kalle shi ba. Ta sare shi guntu-guntu, ta kirɓa a turmi har ya yi laushi, ta jiƙa shi da ƙasari da ɗan ruwan kanwa, ta barbaɗa dusa. Ranar farko akuyar ta shinshina ta juya baya. Inna ta zauna gabanta tana ba ta a tafin hannu, tana zaginta a hankali kamar mai rarrashi. Kashegari ta ci.

Tun daga nan na daina kallon sama, inuwar rumfa na koma aunawa. Kullum sai a zare kaɗan, kullum rana ta ƙara samun hanya. Tsofaffin da ke zuwa hira suka fara raguwa. Wata ta ce wa Inna, “Ke kam in rumhwa ta ƙare, zanenki za ki ba ta?” Inna ta ce, “In ta nema.” Ta riƙa jan tabarma tana bin inuwa yadda take juyawa. Yaron a tsakiya, akuya a gefe, ita kuwa rabin jikinta cikin rana, zufa na bin wuyanta, hannunta bai bar saƙar faifai ba.

Na so in tambaye ta ko ya sha da yawa, ko cikinsa ya tsaya, ko jikinsa da zafi. Ba hali. Abin da na iya shi ne in tara dusar dakana, in ajiye mata a bakin danga ba tare da magana ba. Ashe ta san ina nan. Sai ta ɗaga murya, wai da akuya take:

“Ke jar banza, ci ki ba mijina nono. Yau ya shanye ƙoƙo tas, bai yi zawo ba, har ya ja min kunne. Akwai wadda ka leƙe ta danga, ta kusa huje turminta.”

Na sunkuyar da kai ina daka abin da ya riga ya daku. Haka ta riƙa ba ni labarinsa kowace rana, ta bakin akuya.

Hadari ya yi ta haɗowa daga gabas yana watsewa, ya bar mu da ƙura da zafi mai toshe numfashi. Maza suka fita roƙon ruwa. Inuwa ta koma kamar faɗin tabarmar salla, Inna ta bar wa yaro da akuya, ita ta yafa tsohon zane a ka. Rannan da la’asar iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, ramukan Baba suka cika fal. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi. Na bi su ina jefa iri ina takewa, da na dawo kuma na tono ƙwayar duma da na ɓoye, na binne a gindin kowace dirka ban gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba ƙasa ta yi kore-kore. Makiyayi ya fara kora bisashen gari zuwa gindin dutse. Na ce a raina wahala ta ƙare. Amma Inna ba ta kwance akuyarta ba. Akuyar na jin ’yan uwanta na wucewa, tana kuka tana jan igiya, Inna kuwa ta taka turmi ta zaro sauran karan. A nan haƙurina ya ƙare, na yi abin da ban taɓa yi ba, na zagaya danga.

“Inna, haki hwa ya hito.”

“Na gani, ɗiyag ga. Idona bai mutu ba.”

“Ko a sake ta?”

“Cikin da yad daɗe bai ga ɗanye ba, in kin cika shi ɗanye, zawo na. Ga gyauron dawa ko ya toho ga hanya. Mun yi haƙurin wuta, mu kasa na toka?”

Da hannunta take yago sabon haki, ta shanya shi ya yi yaushi, ta cuɗa da kirɓaɓɓen kara, yau kaɗan gobe ta ƙara. A kwanakin nan awakin maƙwabta suka afka wa gyauro, tohon tsohuwar dawa, cikinsu ya kumbura, aka yi ta ɗura musu kanwa, ɗaya sai da wuƙa aka same ta. Inna ta je jaje ta dawo, ba ta ce ai ga shi ba. Ranar da ta kwance tata, babu sauran kara ko ɗaya a kan dirkoki. Baba ya tsaya ƙarƙashinsu ya dubi sama.

“To, tsohuwa, yanzu kam kin samu ɗaki mai iska.”

“Ga bisar da kac ce ba ta ganin damana can, tahi ka gaishe ta.”

Nono ya dawo yana hawa jikin ƙoƙo. Bayan noman farko muka koma likita. Malamar ta naɗa maɗaurin, na kafa ido a bango, sai na ji ta ce ya taɓa kore. Da kyar, amma ya taɓa.

A hanyar dawowa, da muka bar gari baya, babu kowa sai gonaki, Inna ta tsaya ta kwance goyo.

“Ɗiyag ga, riƙa min mijin nan. Ya yi nauyi, bayana ya gaji.”

Ba ta gaji ba, macen da ke ɗauko bido cike daga kwari. Ta ɗora mini shi a kafaɗa, ta wuce gaba da sauri, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Na zagaye damtsensa da yatsuna, na shinshini kansa, warin nonon akuya yake yi. Ya kalle ni kamar yana son ya tuna inda ya san ni, sannan ya kama ɗan kunnena ya ja.

Sai da muka hango rumbunan garinmu ta tsaya ta karɓe shi. Muka shiga gida yadda muka fita, ita da goyo, ni a baya. Duma ya riga ya kama dirkoki, ganyen farko ya haye sama. Inna ta shimfiɗa tabarma a ’yar inuwarsa, ta dubi ganyen, ta dubi akuyar da ke miƙo wuya.

“Kul,” ta ce mata. “Wagga ba taki ba ta.”