Rahila za ta tafi Katsina da amsata

Ku ji abin da Rahila ta yi mini yau!

A ajin kwamfuta Malam Bitrus ya buɗe shafin makarantarmu. Ana danna adireshin sakamakon jarrabawa, sai shafi ya fito wayam. Ya ce, "Wadda ta gano matsalar, ita za ta wakilci Malumfashi a gasar kwamfuta ta Katsina."

Da ya nuno mana rubutun da aka gina shafin da shi, ni na gani! An bar alamar & tsirara a tsakiyar adireshin, alhali &amp; ake rubutawa. Kunya ta hana ni ɗaga hannu, sai na raɗa wa Rahila, abokiyar zamana a benci.

Wuf, ta miƙe ta faɗa! Aji ya ɗauki tafi.

Da aka tashi na ce, "Rahila, amsata ce fa."

Ta ce, "Ayya, ƙawata! Me zan sayo miki a Katsina?"