Yatsa a Bakin Huji

A gaɓar ruwa, wani dattijo mai gyaran famfo yana kwance a cikin ƙaramin jirgi, ƙafafunsa kaɗai ke leƙowa daga ƙarƙashin katako. Bututu yake haɗawa, mai shigar da ruwa tankin ƙasa don nauyinsa ya hana jirgin kifewa. A ƙa'idarsa, sai an ja jirgi tudu yake taɓa hujin da ruwan ke shigowa ta cikinsa, amma mai jirgin ya rantse ba zai rasa lodin yau ba.

Ga shi tsohon kan famfon ya karye masa. Babban yatsansa kaɗai ke toshe hujin, sabon kan kuma ya gangara inda hannu ba ya kai. Ruwa yana tsartuwa a furfurarsa, ko tsaki bai yi ba. Da gani ya saba haɗiye magana. Wataƙila bakuna da yawa ke jiransa a gida.

"Baba, fito mana!" in ji mai jirgin daga sama. "Fasinja suna jira."

"Ɗana," ya amsa a hankali, "tambaye su tukuna, sun iya iyo?"