Asalin Tsutsa, Daga Shanga Zuwa Warra

Muna idar da sallar asuba muka bar Yelwa, ni da abokin karatuna da direba, da kular ƙanƙara a bayan mota. Digiri na biyu nake yi a fannin kwatanta ƙwayoyin halitta. Aikina shi ne in jera tsarin halittar tsutsar tsargiya ta wannan gaɓar kogi da ta waccan, in ga inda suka saɓa, ko a gane abin da ya sa magani ke ci a nan ya ƙi ci a can. Ƙwan tsutsar kuwa a fitsarin masu ciwon yake. In na koma jami'a da kwalabe wayam, shekarar nan ta tafi ke nan.

Hanyar Shanga ta jijjiga mana hanji, amma shinkafa ta yi kyau a fadama, kifi kuma araha kamar a ce kyauta. A wata unguwar masunta aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Sai bakina ya ja mini. Don in sauƙaƙa bayani na ce, “Binciken asali muke yi.” Wallahi nan take fuskoki suka canza. Kakanninsu zuwa suka yi, kuma tun da aka yi sabuwar jiha maganar ɗan asali da baƙo ba abin wasa ba ce. Na yi ta rantsuwa asalin tsutsa nake nufi, ina! Ko kwalba ɗaya ba mu samu ba.

Muka juyo ta Birnin Yauri, muka ci tuwo da miyar kifi, muka miƙe Ngaski. Ƙanƙara tana ta narkewa.

A kwatar Warra labari ya riga mu isa ta bakin 'yan jirgi. Wani dattijo, wanda sai da yardarsa ake komai a bakin ruwan, ya sa aka kira ni.

“Ɗiyata, ke ce mai biɗar asali?” Ya nuna tsakiyar tafki. “Gungunmu, tsibirin da aka haife ni, na ƙarƙashin ruwan can tun da aka datse kogi, da kabarin innata. Jikokina ba su yarda an taɓa yin gari a wurin ba. Injinku zai iya shaida musu?”

Da na ce e, da kwalabena sun cika kafin la'asar. Abokina har ya taka mini ƙafa, alamar in ce e. Na ji tausayin tsohon ya kama ni sosai.

“Baba, ba zai iya ba. Tsutsa kaɗai nake dubawa.”

Na fara tattara jakata. Sannan ya yi 'yar dariya.

“To, duba ta. Ita ma ai da ita muka taso daga gungun.”

Ya tara iyayen yara ya yi musu bayani da yarensu. Wasu suka yarda, wasu suka ƙi, abin da muka samu dai ya ishe ni aiki.

Mun iso gida da magariba, Inna ta hana a shigar mata da kular cikin ɗaki. Tafiyar nan ta koya mini auna kalma kafin in furta ta a gaban mutane. Na samu abin da na je nema. Shi Baba bai samu nasa ba, kuma shi ya yi mini rakiya har bakin mota.